Ranar da Hajjo ta kalli wutar Giwa

Wata ranar Asabar ce da hantsi, saura kwana tara Babbar Salla, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. An kwana ana ruwa, jar ƙasar unguwarmu Briqueterie, a birnin Yawunde, ta zama taɓo mai cire wa mutum silifa, rana ta leƙo amma babu zafi a cikinta. Ina tsugune a bayan tsofaffin kwanukan rufi da Baba ya jingina don su raba shagonsa da ƙofar gidanmu. Na juya wa shagon baya, ina ƙirgawa da Faransanci kamar yadda ake sa mu a makaranta. Kusa da ni ƙanwata Hajjo ce, 'yar shekara biyar, ta cusa fuskarta a tsagar da ke tsakanin kwano biyu, tana riƙe da jar ledar alewa a kan idonta. Duk sanda Baba ya ɗora wuta a kan ƙarfe, sai in ga inuwata ta faɗo a bangon maƙwabta, baƙa ƙirin, wani shuɗin haske yana rawa a kewayenta. Hajjo tana ta cewa, "Yaya, kyau! Yaya, zo ka gani!" Ban je ba. Ni na kawo ta wurin, ni na ce ta kalla, kuma ko sau ɗaya ban juya na kalla ba.

Wanda bai san Giwa ba ba zai gane irin tsoron da muke yi mata ba. Injin walda ne irin na da, amma tun da Baba ya raɗa masa wannan suna kowa ya koma ce masa "ita". Akwatin ƙarfe ce da ta kai ƙugun babban mutum, a kan tayoyin ƙarfe huɗu, cikinta cike da wani baƙin mai da ke sanyaya ta. A samanta akwai mariƙi da ake juyawa a ƙara wuta ko a rage, a gefe kuma ɗan allon tagulla mai rubutun da ba Faransanci ba ne, ba kuma Ingilishi ba, har malaminmu ya taɓa tsayawa ya duba ya kasa karantawa. Baba, Malam Tanimu, daga Zariya ya zo Yawunde yana saurayi. Ya yi shekaru yana aiki a garejin wani Bature, da Baturen zai koma gida ya bar masa ita. Tun a lokacin ta tsufa. An ce maza shida ne suka turo ta a amalanke suka hau da ita tudun unguwarmu, biyu daga cikinsu suka yi kwana uku suna ciwon baya.

Idan aka kunna ta, gurnani take yi ƙasa-ƙasa, irin wanda ba kunne kaɗai ke ji ba, har a haƙora da tafin ƙafa ake jin sa. Da Baba ya taɓa ƙarfe, fitilun layinmu duka su yi ja kamar za su mutu, telan da shagonsa ke kallon namu ya leƙo da tef a wuya ya yi ihu, "Malam Tanimu, giwarka ta sake shanye mana wuta!" Baba ya amsa daga bayan garkuwar fuskarsa mai baƙin gilashi, "Ka koma keken ƙafa, ko tumbin nan ya ragu." Manya suna dariya, mu yara kuwa labaran da muke ba juna daban ne. Ana cewa akwai yatsan mutum a cikin man. Ana cewa ta taɓa kama akuya da damina ta bushe a tsaye. Akwai kuma wani tsoho makaho da ake ja wa sanda zuwa masallaci, wanda ya yi walda da ƙuruciyarsa, duk yaran unguwa mun yarda wutar ce ta cinye masa ido. Sai da na girma na ji ashe ciwon sukari ne. A lokacin kuwa, duk sanda ya wuce sai in kalli idon Baba, wanda kullum yake ja yana ruwa, gabana ya faɗi.

Baba ba mai duka ba ne, ba kuma mai yawan dokoki ba. Doka ɗaya ya kafa mana: kada yaro ya tsallake kwanukan nan idan Giwa tana gurnani, kada kuma ya leƙa. "Wutar nan ba ta cizo a lokacin da kake kallonta," in ji shi, "sai ta bari ka tafi ka manta." Ni ne babba, don haka a wuyana dokar take. Ranar da babu makaranta, in na gama ɗebo ruwa daga famfo, na karɓo fanke da wake na karin kumallo, na share ƙofar gida, sauran aikina Hajjo ce, don Inna tana dakan yajin da masu tsire ke saya, ba ta da hannun riƙe ta. Duk inda na sa ƙafa Hajjo tana baya, wurin ƙwallon da muke ɗaurawa da leda da roba, wurin tseren motocin da muke ƙerawa da gwangwanin sardin, har bakin kwata inda muke sakin jiragen takarda bayan ruwa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne a wurinta. Na taɓa ce mata wanda ya haɗiye 'ya'yan gwaiba itace zai fito masa ta kunne, ta yi wata guda tana shafa kunnenta.

Maganar ledar alewa daga makaranta na kwaso ta. Wani ɗan ajinmu, Bakari, da ke zuwa daga unguwar Madagascar, ya ce a gaban kowa wai ni ɗan mai walda ne amma ban taɓa ganin wutar ubana ba. Ya ce shi ya gani ta jar leda, wai leda tana tace dafin, kuma a tsakiyar wutar akwai wani ɗan abu kamar ƙwan tsuntsu yana juyawa. Yara suka zuba mini ido. Na ce ni ma na gani sau ba adadi. Suka ce to wane launi ne ƙwan? Kafin in ƙirƙiro wani launi, aka bushe da dariya. Tun ranar Laraba nake yawo da ledar a aljihu. Ina so in je ranar Litinin da amsa, amma duk sanda na matso kusa da kwanukan sai in tuna da tsohon nan da sandarsa. Ranar Asabar ɗin dabara ta zo mini, kuma ba zan ce Shaiɗan ne ya kawo ta ba, tawa ce: in Hajjo ta kalla ta faɗa mini abin da ta gani, na sami amsa, idona kuma lafiya.

A wannan ranar, aiki ya yi wa Baba yawa. Masu tsire, waɗanda a nan ake ce wa masu soya, sun kawo aikin ragar gashi da yawa suna so kafin Salla, kowace raga kuwa sanduna ne birjik, kowace sanda sai an liƙa ta gefe biyu. Yana zaune a 'yar kujerarsa, bai fi taku uku daga tsagar ba. Abin da na sani, na kuma yi amfani da shi, shi ne mai walda in ya ɗora garkuwa a fuska ba ya ganin komai a duniya sai ɗigon wutar da ke gabansa. Na ba Hajjo ledar, na ce ta kalla har in ƙirga ɗari. Da na kai ɗari na tambaye ta ƙwan, ta ce ba ta gan shi ba, na ce ta sake. Can ta ce ledar tana hana ta gani, ta jefar, ta ce haka ya fi kyau, taurari suna tsalle suna mutuwa a ƙasa. Na ga ledar a cikin taɓo kusa da ƙafata. Ban ce ta ɗauka ba. Na ci gaba da ƙirgawa. Ban san ɗari nawa na yi ba, na dai san Baba ya gama raga biyu. Da muka tashi tana ta ƙifta ido tana dariya, wai tana ganin kore a fuskata. Na kama kafaɗunta na ce idan ta faɗa wa kowa Baba zai kore ni daga gida, ba za ta ƙara ganina ba. Ta daina dariyar, ta ce ba za ta faɗa ba.

Har azahar lafiya lau. Ta ci abinci, ta yi wasan 'yar tsana, na fara cewa a raina ashe tsoratar da mu kawai Baba yake yi. Bayan la'asar muna tsakar gida ina bitar allona, sai ta fara murza ido, ta ce yashi ya shiga. Inna ta hura mata, ba ta ga komai ba. Kafin magariba idanun biyu sun kumbura sun yi ja kamar garwashi, hawaye yana zuba ba tsayawa, ta kasa buɗe su. Da aka kunna fitila ta ƙwalla ƙara ta cusa kai cikin zanen Inna. Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna tara, nan da nan mata suka cika ƙofar ɗakinmu. Wata ta ce apolo ne, ana ta yinsa a unguwar Mokolo. Wata ta ce apolo ba ya zuwa da gudu haka, baki ne, yarinya mai manyan idanu irin wannan ai sai da tsari. Ni ina rakuɓe a bayan randa. Na tabbata Hajjo ta makance har abada, kuma ni na makantar da ita.

Baba ya dawo daga masallaci ya ratsa matan. Ya sa aka kashe fitila, ya ɗora ta a cinya a bakin ƙofa, ya ɗaga fatar idon a hankali da babban yatsa a ɗan sauran hasken da ya rage. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗago, bai nemi kowa ba sai ni.

"Isiyaku, zo nan. Yau da safe ina ka je da ita?"

"Filin ƙwallo, Baba. Wajen Tsinga."

"Ba ta leƙa shago ba?"

"Ba ta leƙa ba."

"Ka tuna da kyau. Ba dukanka zan yi ba."

"Wallahi, Baba, ko kusa da kwanon ba mu je ba. Na rantse da Alƙur'ani."

Ya sunkuya wurin Hajjo. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka ba ya kiran sunan. "Uwata, kin kalli wutar Baba?" Idonta a rufe, tana shessheƙa, ta girgiza kai. Ta juyo da fuskarta wajen da ta ji muryata, ta sake girgizawa.

Baba ya sauke numfashi ya ce, "Da ma wutar ce, da hankalina ya kwanta. Ita na san ta, ta kama ni ya fi a ƙirga. Ɗaki mai duhu, tsumma mai sanyi, kwana biyu ta wuce kamar ba a yi ba. Amma tunda ba ita ba ce, ban san mene ne ba."

Ashe warkewa ake yi. Ashe abin da nake ɓoyewa shi ne labarin da kowa a wurin yake roƙon Allah ya ji. Amma na riga na rantse da Alƙur'ani a gaban matan gida kaf, kuma malamin allo ya sha gaya mana abin da ke samun mai rantsuwar ƙarya. Tsoro ɗaya ya tashi, wani ya zauna a wurinsa. Na ce a raina tunda kwana biyu ne, bari in yi shiru, za ta warke da kanta, kowa ya ce apolo ne. Da wannan tunanin na kwanta.

Gari ya waye Lahadi, ƙaramin asibitin unguwa a rufe, idon kuwa ya ƙara kumbura. A ɗakin ƙarshe na gidanmu akwai wata tsohuwa 'yar Garwa, Goggo Dija. Ita ke wankan jego, ita ke cire wa yara ƙaya, ita ake kira idan zazzaɓi ya kama jariri. Mutumiyar kirki ce, ba na so wani ya karanta wannan ya zarge ta. Ta zo ta duba, ta ce wa Inna da Hausarta mai gauraye da Fulatanci akwai maganin da ake ɗiga wa ido a garinsu idan ya yi irin wannan ja, yana da zafi amma yana fitar da dattin. Inna ta kalli Baba. Baba ya ce, "Ku kun fi ni sanin ciwon yara. Ni abu ɗaya na sani, an kuma ce ba shi ba ne." Ya fita ya kunna Giwa, don masu raga suna jira.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana haɗa maganin. Ba a gaggauce aka yi ba, balle in ce ban sami zarafi ba. Ni aka aika na tsinko ganyen a bayan gida. Ina tsaye aka daka shi. Ni na ɗebo toka daga murhu, na ga Goggo ta gutsuro kanwa ta jefa, ta dama, ta tace a farin ƙyalle sau biyu, ta ajiye ruwan a murfin kwano ya kwanta. Warinsa kaɗai yana sa hanci yaji. Duk wannan lokacin gurnanin Giwa yana biyowa ta ƙasa yana hawa ƙafafuna, ina ji kamar da ni take. Sau uku na buɗe baki. Sau ɗaya har na ce "Inna", ta juyo, na ce ko in ƙaro ruwa. Ina ta gaya wa kaina magani ai magani ne, ko bai yi amfani ba ba zai cuce ta ba.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Inna ta ɗora kan Hajjo a cinyarta, aka ce in riƙe hannuwanta tunda maganata take ji. Ta damƙe yatsuna ta ce, "Yaya, da zafi?" Na ce, "Babu zafi." Goggo ta yi bisimilla, ta buɗe idon hagu, ta tsoma ƙyallen ta matse. Ɗigo biyu na ga sun faɗa. Tun jiya nake jin kukan Hajjo, amma wannan ƙarar daban ce. Bayanta ya banƙare daga tabarma, farcenta ya shige tafin hannuna, muryar ta yi sama har ta ɗauke, bakinta a buɗe babu sauti. Goggo ta ce a riƙe ta da kyau, dattin ne ke fita, saura ɗaya. Ta kai hannu ga idon dama.

Ban san sanda na bige hannun ba. Murfin kwanon ya kife a ƙasa. Na ji kaina ina ihu, "Wuta ce! Wutar Baba ta kalla! Ni na sa ta!" Na fita da gudu ba takalmi, na tsallake kwanukan, na ja rigar Baba ta baya yana cikin liƙi. Ya ɗaga garkuwar a fusace. Na faɗa masa komai cikin numfashi ɗaya, har da kanwar. Da ya ji kanwa bai tsaya kashe injin ba. Ya shiga gida ya fizge Hajjo, ya kwantar da ita a bakin kwata, ya ce in riƙa miƙo ruwa. Randarmu biyu suka ƙare a idon nan, mata suka kawo nasu. Yana zubawa yana cewa, "Yi haƙuri, Uwata, buɗe, buɗe." Daga nan ya saɓa ta a kafaɗa ya gangara titi neman tasi, Inna tana bin sa da mayafi a hannu. Aka bar ni da Goggo, tana zaune a tabarma tana kallon hannuwanta. Giwa kuwa tana ta gurnani ita kaɗai a shago, babu mai iya kusantarta, sai da telan nan ya tsallako ya kashe ta daga bango.

Kwana shida suka yi a babban asibiti. Idon dama, wanda babu abin da ya taɓa shi, ya washe a rana ta biyu, daidai yadda Baba ya faɗa. Na hagu kuwa, da aka kwance bandeji, wani farin gajimare ya kwanta a kan baƙin, kuma bai tashi ba. Tana gane haske da duhu da shi, ba ta gane fuska. An yi Salla a gidanmu, an yanka rago, ban tuna ɗanɗanon naman ba. Goggo Dija ta daina ba kowa magani, ko ƙaya ta daina cirewa, bayan shekara ta koma Garwa. Wannan ma yana wuyana.

Na jira duka, na ma so a yi, ba a yi ba. Bayan Salla da kwana biyu Baba ya kira ni shago da safe kafin ya kunna inji. Yana goge gilashin garkuwarsa da gefen riga, bai dube ni ba. Ya ce, "Leƙen da kuka yi ƙuruciya ce, kowane ɗan mai walda ya yi. Amma ni na ɗaga idon nan na gane ciwon. Sai na bar abin da na gani na kama abin da ka faɗa." Ya hura gilashin ya ƙara gogewa. "Laifina ke nan. Ba zan sake ba." Bai kuwa sake ba. Daga ranar, in na ce na kulle shago sai ya tashi ya je ya taɓa kwaɗon. In na ce ana ruwa sai ya ɗaga labule. Ba da faɗa yake yi ba, tashi kawai yake ya duba. Na bar makaranta bayan firamare na shiga shagon, na koyi aikin a hannunsa, na yi aure, na haifi 'ya'ya, yana nan yana taɓa kwaɗo a bayana. Sai a shekarar da ƙafafunsa suka gaza, wata rana na ce masa man Giwa ya ragu na ƙara, ya ce "To," bai yunƙura ba. Har yau ban sani ba ko yarda ce ko gajiya.

Yanzu ni ke riƙe da shagon, na kewaye shi da bulo. An yi benaye inda muke ƙwallo, samarin masu walda suna yawo da ƙananan injuna da ake ratayawa a kafaɗa kamar jakar makaranta, ba gurnani, ba mai. Suna da daɗin aiki, ban musa ba. Amma idan ƙarfe ya yi kauri, gindin tankin ruwa ko bayan motar shanu da ya karye a kasuwar shanun Etoudi, wurina suke turowa. Sau biyu aka sake naɗa mata waya, tayoyin sun lotse, amma tana aiki har gobe. Masu sayen tsohon ƙarfe sun sha zuwa suna zagaya ta saboda jan ƙarfen da ke cikinta, ina ce musu a'a. Ban taɓa jin haushinta ba. Abin da aka ce tana yi, shi ta yi.

Hajjo tana aure a unguwar Tsinga, 'ya'yanta huɗu, tana ɗinkin labule. In za ta zura zare ko za ta tsallaka titi sai ta juya kanta gaba ɗaya, wanda bai sani ba ya ɗauka yanga ce. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin tayarwa ba. Bara idon dama ya fara gajiya, mijinta ya yi tafiya, ni na raka ta wurin likita a auna mata tabarau. Likitan, wani matashi, ya haska na hagun ya tambaya da Faransanci me ya same shi. Ta ce, "Ciwon ƙuruciya ne." Ya sunkuya zai rubuta. Na ji bakina ya ce, "Ba ciwo ba ne, dokta, ni ne. Ni na sa ta kalli walda, na kuma yi ƙarya aka ɗiga mata kanwa." Likitan ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin ya daɗe, ba zai canza komai ba yanzu.

Muna fitowa ta tsaya a kan matakala tana gyara mayafi, ta juyo gaba ɗaya ta dube ni da idon mai gani. "Kai Yaya, wa ya tambaye ka? Ka sa ɗan mutane ya rasa abin rubutawa." Na ce, "Hajjo, ki yafe mini." Ta ce, "Shekara talatin da wani abu sai yau, a bakin titi, rana tana dukana? Kai dai gaskiyarka kullum sai an ɗiga take isowa." Ta yi dariya, ni na kasa. Sannan ta miƙo hannu ta ce, "Na yafe tun ina yarinya. Zo ka tsaya ta hagu, masu babur ɗin nan ba su da hankali."

Na tsaya ta hagu muka tsallaka, na sa ta a tasi, na hau tudu na koma bakin aiki. A da ina ganin babu abin tsoro a duk unguwar nan kamar akwatin ƙarfen Baba. Yanzu kusa da ita nake wuni, in ta huce har jingina nake da ita in sha shayi. Abin da nake kewa shi ne zamanin da in na faɗi magana, akwai mutanen da ba sa tashi su duba. Da bakina na kashe wannan zamanin, a magariba ɗaya.